RA'AYINMU: Gidan Dassault da Darasin Mai Sayen Makami

Ya 'yan'uwa, a wannan wata mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani gida a ƙasar Faransa, wato gidan Dassault, domin a cikinsa akwai abin lura ga masu hankali.

Wanda ya kafa gidan shi ne Marcel Bloch, injiniyan da aka haifa a 1892. Ya soma da ƙera farfelar jirgin sama a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A Yaƙi na Biyu ya ƙi yi wa Jamusawa aiki, suka tsare shi a sansanin Buchenwald a 1944. Bayan ya kuɓuta ya sauya suna zuwa Dassault, ya sake gina masana'antarsa, wadda ta fitar da jirgin yaƙi samfurin Mirage. Da ya rasu a 1986, ɗansa Serge ya gaje shi, ya zama sanata, ya kuma sayi jaridar Le Figaro a 2004. Serge ya rasu a 2018, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da kamfanin.

Jiragen Mirage suna cikin waɗanda Isra'ila ta yi amfani da su ranar 5 ga Yuni, 1967, ta ragargaza jiragen Masar tun suna ƙasa. Cikin kwana shida Masallacin Ƙudus ya fita daga hannun Musulmi. To amma a wannan shekara Shugaba De Gaulle ya hana a miƙa wa Isra'ila wasu jirage 50 da ta yi odarsu. Sai ta koma ta ƙera nata, samfurin Nesher, sannan Kfir.

Mu kuwa fa? Libiya ta yi odar Mirage 110 a 1970. Masar da Ƙatar kowacce ta yi odar Rafale 24 a 2015, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma 80 a 2021. Kayan gyara da horon matuƙa duk daga wajen mai sayarwa suke fitowa, kuma ranar da gwamnatinsa ta ga dama tana iya rufe ƙofa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai da mawadata su tura matasanmu fagen lissafi da injiniyanci, su ɗauki nauyinsu da haƙuri, kamar yadda gida guda ya riƙe sana'a guda sama da shekara ɗari. Allah Ya sa mu gane.