FILIN MATA: Abincin 'Yar Tsere Da Na Uwar Gida Mai Ƙiba

Makon jiya muna shirin gasar guje-guje da tsalle-tsalle a makarantarmu, sai wata yarinya, wadda duk ajinsu ba mai cin ta a gudu, ta yanke jiki ta faɗi tun ba ta kai rabin fili ba. Da ta farfaɗo na tambaye ta abin da ta ci da safe. Ta ce ba ta ci kome ba, wai ƙawarta ce ta gaya mata in ciki ba kome an fi sauri. Da la'asar na raka ta gida, na iske mahaifiyarta, mace mai jiki ƙwarai, tana kukan ciwon gwiwa da haki. Ta ce mini, "Malama, ni ma na yi niyyar barin cin abincin dare, ko na ragu."

To, ga uwa da 'ya, tukunyarsu ɗaya, kuma dukansu biyu sun ɗauka yunwa ce magani. Ba haka ba ne. Abinci a jiki kamar itace ne a murhu. Wanda aka ƙona wajen aiki ya tafi, wanda ya saura kuwa jiki ya kan ajiye shi ya zama kitse. Watau mai gudu tana bukatar ƙari, mai zama tana bukatar ragi, amma ba wadda za ta zauna da yunwa.

Ku 'yan makaranta, ku tuna da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Tobi Amusan, 'yar Nijeriya da ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a Amurka cikin 2022, a daƙiƙa 12.12, ita ma a makaranta ta fara gudu. In za ki yi tsere, ki ci abinci mai ba da ƙarfi kamar sa'a 3 kafin a fara: koko, ko fura da nono, ko shinkafa, ko dankali. Ki bar soye-soye sai an gama, domin mai ya kan daɗe a ciki. In lokaci ya matso, ayaba ɗaya ta isa. Bayan wasa ki nemi abin da ke gina jiki, watau wake, ƙwai, nono, kifi ko gyaɗa. Ki riƙa shan ruwa kafin wasa da bayansa, in kuwa fitsarinki ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Sa'an nan budurwa tana rasa jini kowane wata, don haka tilas ne ta samu abinci mai ƙara jini, kamar hanta, nama, wake, zogale da alayyafo. Lemo ko gwaiba tare da abinci suna taimaka wa jiki ya amfana da su, shayi kuwa ya kan rage amfanin. In yarinya mai wasa ta ga al'adarta ta ɗauke wata 3, sau da yawa ƙarancin abinci ne, lalle a kai ta asibiti.

Ku kuma iyayena da yayyena, na san a wurinmu a kan ce ƙiba alamar jin daɗin gidan miji ce. Amma ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa, da wahala wajen haihuwa. Ɗauki abin awon ɗinki ki auna cikinki wajen cibiya. In ya wuce inci 35, lokacin ragewa ya yi.

Ga yadda za ki yi. Ki rage malmalar tuwo, ki ƙara ganye da wake, har ganye ya kai rabin kwanonki. Ki riƙa auna mai da cokali, kada ki tuttula daga kwalba, gama ƙarfin da ke cikin mai ya ninka na hatsi fiye da sau 2. Lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ki motsa jiki minti 30, kwana 5 a mako. Ko ba ki fita, daka da surfe da zagaya tsakar gida da sauri duk suna cikin lissafi. In kina rage rabin kilo a mako, kin yi daidai. Mai ciki da mai goyo kuwa kada su rage abinci sai sun ji daga asibiti.

Ina roƙonku ku guji shayin rage ƙiba na 'yan talla, yawancinsa zawo kawai ya ke sa wa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Haka nan 'yan mata masu shan ƙwayar nan ta "sha ka fashe" don su yi jiki, ku sani wasu irinta kumburi su ke kawowa, da hawan jini da ciwon suga.

Ita dai yarinyar nan yanzu ba ta fitowa fili sai ta karya kumallo, mahaifiyarta kuma ta fara auna mai da cokali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.