Wiwin Da Ake Reno A Cikin Ɗaki: Wa Ya Ce Ganye Ne Kawai?

Makon jiya wani saurayi ya tsaya a tagar ɗakin magani inda nake aiki, ya miƙo takardar mahaifiyarsa wadda ke karɓar maganin cutar daji. Da na gama haɗa masa magungunan, sai ya sassauta murya, ya juyo mini da fuskar wayarsa. Bidiyo ne na wani Bature a cikin ɗaki fari fat, fitilu a sama, fankoki na juyawa, tukwanen tabar wiwi a jere. "Likita," in ji shi, "an ce wannan tana tsayar da amai, tana sa cin abinci. Ga shi a can har a gida ake shuka ta, tsabtatacciya. In na samo wa Hajiya irinta fa?" Na ce masa, "Ƙanena, kada ka kuskura." Ƙaunar uwa ce ta kawo shi, don haka ban yi masa faɗa ba. Faɗan nawa da masu yaɗa wannan ruɗu ne, kuma kai mai karatu nake so ka yi mana alƙalanci.

Hujjarsu guda ce: ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi, kuma ƙasashen da suka ci gaba sun halatta. Ba ƙarya suka yi ba a kan dokar. Urugwai ta halatta a 2013. Kanada ta bi sahu ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta yarda kowane gida ya shuka har tushe huɗu, ko da yake lardin Kwibek ya hana shukar gida, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta tabbatar masa da wannan iko a 2023. Jamus ta ba baligi damar tushe uku daga 1 ga Afrilu, 2024. To amma majalisa ce ta yi waɗannan dokoki, da nufin karya kasuwar bayan fage. Babu wata hukumar magunguna da ta duba tukunyar da ke ɗakin wani ta ce ta dace da maras lafiya.

Ka sake kallon ɗakin nan na cikin bidiyo da idon basira. Me ya sa fankoki ba sa hutawa? Me ya kawo na'urar sanyaya ɗaki da ta tsotse danshi? Fitilun da ke maye gurbin rana suna fitar da zafi mai yawa, tsiro kuma yana mayar da mafi yawan ruwan da aka ba shi cikin iska ta ganyensa. Zafi da danshi a rufaffen ɗaki kuwa gidan fumfuna ne. Duk waɗannan na'urori shaida ce cewa mai ɗakin yana yaƙi da ruɓa dare da rana. In wuta ta ɗauke, ko fanka ta tsaya, fumfuna ta yi nasara, kuma sau da yawa tana ɓuya a tsakiyar furen, inda ido ba ya kaiwa.

Nan ne abin ya shafi Hajiya. Daga cikin ire-iren fumfunar da ake samu a busasshiyar wiwi akwai Aspergillus. Mai cikakkiyar lafiya yana shaƙar ƙwayoyinta a iska kullum, garkuwar jikinsa ta share su. Wanda maganin daji ya karya wa garkuwa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, ba shi da wannan kariya. A huhunsa fumfunar kan yi saiwa, ta ci nama, ta shiga jini, kuma tana kisa. Kunna wa ganyen wuta ba ya tabbatar da cewa ƙwayoyin sun mutu kafin a zuƙe su. Wato mutanen da aka fi tallata musu wiwi a matsayin magani su ne ta fi zama wa haɗari.

Mai shuka da ya ga fumfuna ko ƙwari kuma ba ya naɗe hannu, feshi yake yi. A 2016 da 2017 an janye wasu kayan wiwi daga hannun majinyata a Kanada, bayan an gano maganin fumfuna mai suna myclobutanil a jikinsu, wanda ba a amince a fesa wa wiwi ba, domin idan ya ƙone yana fitar da iskar guba ta hydrogen cyanide. Kamfanoni masu lasisi ke nan, waɗanda hukuma ke sa wa ido. Ina ga wanda babu mai duba shi sai aljihunsa?

Mu ɗauka ma ɗakin ya tsira daga fumfuna da feshi. Me ake nema da wannan reno duka? Ƙarfin maye. Binciken da aka yi a kan wiwin da hukumomi suka kama a Amurka ya nuna sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Wani babban bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka gudanar a biranen Turai da Burazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Irin wannan mai ƙarfi ce samarinmu ke kira "Loud", wadda hukumar NDLEA ke yawan kamawa a tashoshin jiragen ruwa da na sama a Legas. Ƙididdigar da aka yi a Nijeriya a 2018 da haɗin gwiwar ofishin UNODC ta nuna mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi. Ruwa ya riga ya kai mana wuya, ba mu buƙatar ƙari. Shuka ta kuma a ƙasar nan laifi ne mai kai mutum gidan yari, ko a daji ne ko a ƙuryar ɗaki.

Za ka ce, to ba a samun magani daga wiwi ne? Ana samu, kuma ba zan ɓoye maka ba. A 2018 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Epidiolex, tataccen sinadarin CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Akwai dronabinol da nabilone da ake bayarwa saboda aman da maganin daji ke jawowa idan sauran magunguna sun gaza. Amma dubi yadda ake ba da su: an san adadin miligiram, an san illolinsu, ana auna lafiyar hanta, ana lura da yadda suke karo da wasu magunguna kamar clobazam da warfarin. Daga tsiron fofi ake samun mofin, amma babu likitan da zai ce ka je ka tauna fofi bayan tiyata. Awo da gwaji su ne suka raba magani da guba, kuma aikina ke nan kullum. Ƙullin ganye a leda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Saurayin nan na mayar da shi wurin likitan mahaifiyarsa, domin akwai magungunan amai irin su ondansetron da dexamethasone, kuma ana iya sauya awo ko a haɗa wani da wani idan na farko bai yi ba. Kai ma idan kana da majinyaci a gida, abin da nake roƙonka ke nan: duk abin da aka ce ka ba shi, ganye ne ko jiƙo ko mai a kwalba, ka fara kawo shi tagarmu ka tambaya. Ba za mu kai ka ƙara ba, ba za mu yi maka dariya ba. Idan kuma ɗanka ko ƙanenka ne ya fara sha, ka kai shi sashen masu taɓin hankali na asibiti mafi kusa tun yana gane mutane, kada kunya ta sa ka jira sai an ɗaure shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya.