Naira 3,000 da ƙafar ɗan maƙwabci

A 'Yargoje mashin ne motar asibiti, shi ke kai taki gona, shi ke dawowa da buhun masara. Lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme a 2021 saboda 'yan bindiga, a kan mashin jama'a suka rayu. Yau sabuwar Boxer ta haura naira miliyan ɗaya. Duk da haka, in ka yi wa ɗan acaɓa maganar inshora, abin da za ka ji shi ne, "Ai takardar 'yan sanda ce."

Ban ga laifinsa ba. A shingen bincike kaɗai ya taɓa jin an ambace ta, musamman tun 1 ga Fabrairu 2025 da 'yan sanda suka fara tilasta ta. Amma amfaninta ba a shinge yake ba.

Na zauna a zaman sasanci ƙofar gidan mai unguwa, inda wani matashi mai aikin balas ya buge yaron maƙwabcinsa, ƙafa ta karye a cinya. Mai ɗori ya ce ta fi ƙarfinsa, sai asibiti a Funtuwa. Uban yaron ya ce ƙaddara ce, ya yafe, kuma har zuciya ya faɗa. To, amma kuɗin aiki fa? Mahaifiyar matashin ta sayar da tumakinta, mai mashin ya karɓe abinsa, gidaje biyu suka shiga damina ba taki. Wannan nauyin ne inshorar da doka ta wajabta take ɗauka: jinyar wanda ka buge, diyya in an rasa rai, da ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan ɗaya. Kuɗinta na mashin, a farashin da hukumar inshora ta NAICOM ta yanka tun Janairun 2023, naira 3,000 ne a shekara.

Masu cewa inshora caca ce, na girmama tsoron Allahnsu, kuma an yi musu hanya. Akwai takaful, irin na Jaiz da Noor, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafar wanda masifa ta afka wa, ƙarƙashin kulawar malamai. Wanda ya san adashi ba zai sha wahalar gane ta ba.

Sai dai a tabbata takardar ta gaskiya ce, don jabu sun cika gari. Ana duba lambar mashin a rumbun bayanan NIID ta waya. Wanda bai yi wa mashin ɗinsa lamba ba, da nan zai fara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda takardar naira 3,000 ba ta taɓawa. Babban tsoron mai mashin a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa shi ne a tare shi a hanyar gona a ƙwace. 'Yargoje, garin da ya binne mutanensa da dama bayan harin Yunin 2024, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Cikakkiyar inshora, mai tsada, ita ke biyan sata, amma sau da yawa a cikin ƙananan rubutunta an cire yaƙi da ta'addanci. To, ƙwacen ɓarayin daji sata ne ko ta'addanci? Kada kowa ya zuba kuɗinsa sai an amsa masa wannan a rubuce, da Hausa.

Ina kira ga shugabannin 'yan acaɓa na Ƙanƙara su gayyato wakilan kamfanonin takaful ranar kasuwa, su yi wa 'ya'yan ƙungiya inshorar dole a dunƙule, sannan su tsare wakilan da tambayar ƙwace a gaban jama'a.