Ra'ayinmu: Ƙofa Ɗaya Ta Yi Mana Kaɗan



A garin Brumunddal na ƙasar Norway akwai wani bene mai hawa 18, tsawonsa ya haura mita 85, an gama shi a 2019. Da katako aka tsayar da shi. Akwai otal a ciki, akwai gidajen kwana. Duk wanda ya ji haka a nan Dabawa, tambayar farko da zai yi ita ce: idan wuta ta kama fa?

Masu ginin sun riga mu yin wannan tambaya. Katako mai kauri ba ya cin wuta yadda kara ke ci. Bayansa ne ke ƙonewa ya zama gawayi, gawayin kuma ya tare zafi daga shiga ciki. A awa guda wuta takan ci kamar santimita 4 ne kawai. Don haka sai su ƙara wa ginshiƙi kauri, su lissafa minti nawa zai jure kafin ya karye. Dokar gini da ake bi a Amurka, wadda aka sabunta a 2021, ta yarda a yi benen katako har hawa 18, amma da sharaɗi: a lulluɓe katakon da allunan da ba sa kamawa, ginshiƙai su jure wuta awa 3, a sa bututun da ke yayyafa ruwa da kansa. Duk wannan lissafi don abu ɗaya ne, wato mutane su samu lokacin fita.

Kakanninmu ma sun san dabarar. Ku dubi rufin tsohon soro: azara ce ta giginya, an jera ta, an ɗora mata ƙasa mai kauri. Tartsatsi ya faɗo a kai sai ya mutu.

Mu kuma da muka ci gaba, me muke rufi da shi? Tu-bai-tu da tu-bai-fo, sirara, sun bushe ƙayau a ƙarƙashin kwano. Ƙasa da su silin na roba, wanda in ya ji zafi sai ya narke yana ɗiga, yana fitar da baƙin hayaƙi. Tsakaninsu wayar lantarki da ɓera ke gwaguya ba wanda ya gani. Siririn katako wuta kan kewaye shi ta kowane gefe, ba shi da kaurin da zai kare kansa. Ajinmu ba bene ba ne, amma lokacin da zai ba mu bai kama ƙafar na wancan dogon gini ba.

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a Jihar Kano, ɗalibai 7 suka rasu. A Nuwamba na 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a wata firamare a Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ba su wuce shekara 5 ko 6 ba. A shekarar 2021 dai, cikin Maris, babbar kasuwar Katsina ta ƙone. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu kowa ya ɗaga kai ya dubi ajinsa. Ƙofa ɗaya ce, ciki take buɗewa. Tagogi duk an yi musu walda da rodi. Mun san dalili, kuma ba mu raina shi ba: yankinmu na fama da rashin tsaro, ba shugaban makarantar da zai so ya kwana da taga a sake. Sai dai rodin da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana mu fita. Mutum 60 suka ruga kan ƙofar da ke buɗewa ciki, na gaba ba zai iya janyo ta ba, saboda na baya sun danne shi. A irin wannan hali, ko ruwan madatsar Zobe duka aka kawo bai amfani wanda ke bayan ƙofar ba.

Mu ɗalibai ma da namu laifin. Ga hunturu na tafe, za a fara ɓoye garwashi da hita, da maganin sauro mai hayaƙi a gefen katifa.

Roƙonmu ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai ba mai tsada ba ne. A kira kafinta ya juya ƙofofi su riƙa buɗewa waje. A fasa ƙofa ta biyu a kowane aji mai cunkoso. A kowane ɗaki a mayar da rodin taga ɗaya mai buɗewa daga ciki, da sakata. A ajiye bokitin yashi a baranda. Sannan muna roƙon Malam mai kula da wasanni ya ba mu safiya ɗaya a wannan zango: a buga ƙararrawa ba sanarwa, ya riƙe agogo, mu ga minti nawa aji ɗaya zai ɗauka kafin ya fice gaba ɗaya. Za mu liƙa sakamakon kowane aji a wannan bango.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta