Ranar da aka kwashe kwamfutocin jaridar Marion, da darasin da ke ciki ga mai riƙe da shafin garinsu

Yau ba sabuwar waya za mu duba ba, maganar ajiya ce, kuma za mu ɗauko ta daga wani ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka mai suna Marion, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba.

Garin yana da jaridar mako-mako mai suna Marion County Record, tana fitowa duk Laraba. A irin wannan jarida ma'aikata 'yan ƙalilan ne, don haka ranar Talata babu mai zama. Wanda ya je zaman majalisar gari shi ne zai rubuta labarin, shi zai gyara hoton, wataƙila shi zai ɗaga wayar mai talla da ke son a sauya masa farashi. Ga sanarwar rasuwa, ga sakamakon wasannin makaranta, ga sanarwar hukuma da doka ta ce sai an buga. Duk wannan sai ya shiga shafi kafin lokacin maɗaba'a ya wuce.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, 'yan sandan garin suka shiga ofishin jaridar da takardar izinin bincike. Suka kwashe kwamfutoci, da babbar kwamfutar da ake tara fayil a cikinta, da wayoyin ma'aikata. Suka kuma je gidan editan, Eric Meyer, inda mahaifiyarsa Joan Meyer mai shekara 98 take zaune, wadda ita ma tana da hannun jari a jaridar. Washegari ta rasu. Dalilin binciken shi ne zargin cewa jaridar ta samo bayanan lasisin tuƙin wata mai gidan abinci ta hanyar da ba ta dace ba, alhali ko buga labarin ba ta yi ba. Kwana biyar bayan haka lauyan gundumar ya janye takardar, ya ce babu isasshiyar hujja, aka mayar da kayan. Shugaban 'yan sandan ya ajiye aiki a watan Oktoba.

Amma kafin a mayar da kayan, Laraba ta riga ta zo. Ma'aikatan suka harhaɗa tsofaffin na'urori, suka sake gina tallace-tallace da shafuka daga tushe, suka kwana suna aiki har asuba. Jaridar ta fito a ranarta.

Mutane da yawa sun kalli wannan ta fuskar 'yancin 'yan jarida, kuma haka ne. Ni da nake rubuta manhaja, abin da ya tsaya mini a rai daban ne: aikin jarida guda, da tarihin gari guda, duk sun taru a 'yan na'urorin da mutum zai iya lodawa a bayan mota cikin awa ɗaya. Ra'ayina shi ne, duk wanda ke riƙe da labarin jama'a, ajiyar kwafi tana cikin aikinsa kamar yadda tantance labari yake cikin aikinsa.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu da yawa babu jaridar takarda ta gari. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, da Aminiya ta yau, duk na faɗin ƙasa ne. Labarin gadar da ta karye a ƙauyenku, ko farashin masara a kasuwar mako, ko yaron da ya ɓata, a shafin Facebook na gari ko zauren WhatsApp ake samunsa. Wannan shafin shi ne jaridar garin, ko an kira shi haka ko ba a kira ba. Sau da yawa kuma saurayi ɗaya ne ke riƙe da shi, a waya ɗaya, da layi ɗaya. Ba sai ɗan sanda ya zo ba. Mai ƙwacen waya ya isa, faɗawa ruwa ya isa, rufe layi saboda matsalar NIN ya isa.

Wani zai ce ai komai yana intanet, me za a ji tsoro? Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Ku tuna an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Abin da ka ajiye a rumbun wani kamfani, ranar da hanya ta toshe ba naka ba ne. Haka kuma abin da ka ajiye a waya kaɗai, ranar da ta ɓata ya tafi. Shi ya sa masu harkar kwamfuta suke da tsohuwar ƙa'ida ta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da inda kake.

A aikace wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Kwafi na farko yana wayarka. Na biyu a filash ko memori, kana sabunta shi duk ƙarshen mako, ka ba wani amintacce ya ajiye a gidansa. Na uku a Google Drive, inda kowane asusu ke da 15GB kyauta. Shafin Facebook kuma kada ya zama admin ɗaya ne, a samu mutum biyu ko uku da aka yarda da su, kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu. Idan kana ajiye hirarrakin WhatsApp a Drive, ka kunna kullen sirri na ajiyar, wanda aka kawo tun 2021, domin a cikin hirarrakin nan akwai sunayen mutanen da suka ba ka labari bisa amana.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi. Yawan kwafi yana nufin yawan wuraren da sirri zai iya fita. Saboda haka a raba kaya biyu. Hotuna da labaran da aka riga aka wallafa, a yawaita kwafinsu yadda aka ga dama. Lambobin majiya da saƙonninsu kuwa, a kulle su da kalmar sirri mai ƙarfi, abin da ba a buƙata a goge shi.

Ku da kuka iya na'ura, ga aikin da za ku yi wa garinku wanda ba ya buƙatar rubuta manhaja ko layi ɗaya. Ku nemi mai riƙe da shafin labaran garinku, ku zauna da shi awa ɗaya, ku tambaye shi: in wayar nan ta ɓata yau da daddare, gobe da me za ka yi aiki? Idan ya yi shiru, ku fara da filash ɗin.