Gadar Rataya: Sunan Wuri a Matsayin Shaidar Tarihi

A gabashin jihar Misisifi ta ƙasar Amurka, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Shubuta, akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe a kan kogin Chickasawhay. An daɗe da daina bin ta, tsatsa ta cinye ƙarfenta, amma sunan da mutanen yankin suka laƙaba mata yana nan daram: Gadar Rataya. Wannan suna ya adana abin da kotunan yankin suka ƙi hukuntawa, don haka ya cancanci a ɗauke shi a matsayin shaidar tarihi, a kuma bar shi yadda yake.

A watan Disamba na 1918, wata guda bayan kammala Yaƙin Duniya na Ɗaya, gungun fararen fata suka fito da wasu matasa baƙar fata huɗu daga gidan wakafi na Shubuta. Biyu 'yan'uwa ne maza, Major da Andrew Clark, biyu kuma 'yan'uwa mata, Maggie da Alma Howze, dukansu biyu da juna biyu. An zarge su da hannu a kisan wani Bature likitan haƙori da suke yi wa aiki. Ba a jira hukuncin alƙali ba, aka rataye su a jikin gadar. A watan Oktoba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake maimaita wannan ta'asa a kan yara biyu, Ernest Green da Charlie Lang, waɗanda ba su wuce shekara 15 ba, bisa zargin yunƙurin cin zarafin wata yarinya farar fata. An ɗauko su daga kurkukun Quitman, aka kai su gadar. A duka lokutan biyu babu wanda aka hukunta, kuma duka sun faru ne a zamanin da Amurka ke iƙirarin yaƙi domin kare 'yancin al'ummu.

Hausawa kan ce suna linzami. A Shubuta, linzamin ya ja ta fuska biyu. Ga masu danniya, ambaton gadar gargaɗi ne ga duk baƙar fatar da ya nemi ɗaga kai. Ga dangin mamatan da maƙwabtansu kuwa, sunan shi ne kundin da ba a iya ƙonawa, wanda kaka ke miƙa wa jika. Lokacin da masanin tarihi Jason Morgan Ward ya wallafa littafinsa a kan wannan yanki a 2016, sunan gadar ya raɗa wa littafin, wato abin da ya fara daga bakin talakawa ya shiga taskar masana.

Akwai masu ganin cewa irin waɗannan sunaye fama tsohon gyambo suke yi, gara a sauya su domin zaman lafiya. Wannan hujja tana da nauyi, domin waɗanda ke zaune kusa da wurin su ne ke ɗauke da raɗaɗin. Sai dai sauya suna ba ya warkar da gyambon da ba a wanke ba. Sai a 2022 ne Amurka ta samu dokar tarayya da ta ayyana irin wannan kisan gilla a matsayin laifin ƙiyayya, fiye da shekara 100 bayan rataya ta farko a Shubuta. A tsawon wannan jira, sunan gadar na cikin abubuwan da suka hana a manta. Akwai kuma masu cewa sunan wuri ba abin dogaro ba ne, domin jama'a kan ƙirƙiro labari daga baya don su fassara sunan da suka tarar. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa wajibi ne manazarci ya auna suna da wasu hujjoji. A Shubuta, rahotannin jaridun lokacin da binciken ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata sun gaskata abin da sunan ke faɗa.

Darasin ya shafi nazarin sunayen wurare a ƙasar Hausa. Kalmomi irin su rinji da gandu, waɗanda suka maƙale a sunayen wasu ƙauyuka da unguwanni, kan yi nuni ga matsugunan bayi da gonakin da suka noma, tarihin da ba kasafai ake son tonawa ba. Manazarcin da ya tsaya ga bayanin ƙirar kalma kawai ya bar rabin aikin. Ya kamata a tambayi wanda ya raɗa sunan, da lokacin da aka raɗa shi, da wanda ke jin zafin ambatonsa, tun dattawan da suka san amsar suna raye.