Lambar Yabon Da Ta Makara Da Shekara 70

Ranar 18 ga Nuwamba, 1952, ana tsakiyar Yaƙin Koriya, Laftanar Royce Williams na sojojin ruwan Amurka ya tashi daga jirgin ruwan Oriskany da jirginsa ƙirar Panther, ya yi kiciɓis da jiragen MiG-15 guda bakwai na Tarayyar Sobiyet. Jiragen abokan gaban sun fi nasa gudu da saurin hawa sama. An kwashe kusan minti 35 ana ba-ta-kashi, ya kakkaɓo huɗu, harsasansa suka ƙare, ya lallaɓo ya sauka. Da aka ƙirga hujin da ke jikin jirginsa aka sami 263, aka ga ba ya gyaruwa, aka tura shi cikin teku.

Daga nan aka umarce shi da ya ja bakinsa ya tsuke. A hukumance Sobiyet ba ta cikin yaƙin, kuma Amurka ba ta so a gane tana sauraron rediyon matuƙanta a ɓoye. Aka ba shi lambar Silver Star a 1953, bisa rahoton da bai faɗi rabin abin da ya yi ba. Ya yi shiru kimanin shekara 50, ko matarsa bai gaya wa ba. Sai a Janairun 2023, yana da shekara 97, aka maƙala masa Navy Cross.

Ba za a ga laifin waɗanda suka rufe maganar a 1952 ba. Fallasa ta na iya haɗa ƙasashe biyu masu makaman nukiliya faɗa gaba da gaba, kuma lambar mutum ɗaya ba ta kai wannan kasada ba. Laifin yana baya. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, bayanan Rasha suka tabbatar da asarar jiragen huɗu, aka kuma ɗage sirrin a farkon shekarun 2000. Duk da haka sai da aka ƙara shekara ashirin, domin masu tantance lambobin yabo takarda suke dubawa, takardar da ke gabansu kuwa ita ce wadda aka rage wa gaskiya tun farko.

Wannan ɓangaren ne ya shafi ma'aikacin da ke zaune a sakatariyar tarayya da tambarin "sirri" a hannu. Buga tambarin ba ya cin minti ɗaya, kuma ba safai ake tuhumar wanda ya buga ba. Wanda zai cire shi ne ke tsoron takardar tuhuma, don haka fayil ya gwammace ya kwana a kabad. A Najeriya Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 suna zaune kafaɗa da kafaɗa, matuƙan sojin sama kuma na shawagi a kan dajin Sambisa da dazukan Zamfara. Ya kamata duk rahoton fagen daga da aka rufe a rubuta masa ranar sake dubawa, da sunan ofishin da alhakin hakan ya rataya a wuyansa, a kuma adana cikakken bayanin tare da wanda aka taƙaita. Williams ya yi tsawon ran da ya karɓi tasa lambar da hannunsa. Da yawa cikin waɗanda suka shaida faɗan sun riga shi kwanta dama.